Rigar Mama da Kunyar Suruki

Arba'in aka kira ni in yi, sai Allah ya yi nasa ikon. 'Yata ta fari ce ta haihu a Kuala Lumpur, inda mijinta yake karatun zama dakta, ba na allura ba, na littafi. Aka ɗora ni a jirgi in je in yi mata wankan jego in dawo. Ban gama sanin kan gidan ba aka ce cuta ta shigo duniya, an rufe sama, an rufe ƙasa, kowa ya zauna inda ƙafarsa take. To ni tawa ƙafar tana can ƙololuwar bene, a wani gida mai ɗaki biyu da falo, wanda in kika yi atishawa a kicin sai na cikin ɗaki ya yi miki addu'a.

Sai a dubi zaman da na samu kaina a ciki. Ita 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba tun da na haife ta, kuma ba a hirar jiki tsakanina da ita. Shi kuma suruki ne. A gida in ya zo gaishe ni, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ni ina bayan labule, mu gaisa mu rabu ba wanda ya ga ƙwayar idon wani. Yau ga mu a akwati ɗaya, shi ba fita, ni ba fita. In zan wuce ya tusa kai cikin kwamfutarsa. In zai ci abinci in shige ɗaki. In magana ta zama dole sai in ɗauki jaririn in ce, "Angona, ka gaya wa mutanen gidan nan gishiri ya ƙare." Shi kuma ya dubi bango ya ce, "An ji, Inna."

Haka muka yi ta rufa wa juna asiri, har rigar mama ta shigo tsakani.

Na san wata za ta ce, tsohuwa me za ta yi da rigar mama, ba sai ta ɗaura zani a ƙirji ba? Mai faɗin haka Allah bai ɗora mata abin da ya ɗora mini ba. Mu a danginmu haka muke, gajeru, masu faɗin baya, gaba kuma a cike. Na shayar da tara, abin bai ragu ba, gangarowa kawai ya yi. A tsakar gidana, cikin mata 'yan'uwana, ba ruwana. Amma a gaban suruki, a falon da bai fi tabarma uku ba? Allah ya kiyaye. Abu ɗaya na sa a gaba tun ranar da aka kulle mu: in fita daga ƙasar nan yaron nan bai san ina sa irin wannan tufa ba, balle ya san tana da matsala.

Guda biyu na zo da su, gwanjo, daga Ƙofar Wambai. Yadda muke saya kuwa ba wahala. Ki dunƙule hannu ki sa a cikin ƙoƙon, in ya shige da saura, shi ke nan, a naɗe miki a baƙar leda kafin wani ya waiwayo.

Ta farko iska ce ta ɗauke. Garin nan ba ya busar da kaya, kullum da la'asar sai sama ta tsage. Na wanke ta na shanya a baranda, na lulluɓe da zani kamar yadda mutunci ya tanada. Hadari ya taso. Iska ta zo ta ɗaga zanin ta ajiye shi gefe, ta zaɓi abin da take so. Ina tsaye ina kallo ta tashi, ta buɗe hannuwa biyu kamar shirwa, ta haye saman titin jirgin ƙasa, ta nufi wajen dogayen benaye. Ban yi kuka ba. Na ce Allah ya sa ta sauka a hannun mabuƙaciya.

Ta biyu ruwan zafi ne ya ci ta. An ce cutar ba ta son zafi, sai na riƙa tsoma ta a tafasasshen ruwan jego. Robar ta saki, ƙugiyoyin suka yi tsatsa suka zube ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran tsoho. Na kama ta da fil. Fil kuwa ba ya ganin girman kowa. Yana nan shiru duk yini, sai na kai goshi ƙasa a sujada yake tuna aikinsa.

Sai na koma yini cikin hijabi, a wannan zafi mai kama da bakin tukunya. Ina tafiya a hankali, hannu biyu a harɗe a ƙirji, ina gumi, wani lokaci nishi ya ƙwace mini. To a zamanin cutar da ke kama ƙirji, me za a ce da tsohuwar da ke yawo riƙe da ƙirji?

"Inna, ƙirjin ne?" in ji 'yata.

"Ba komai."

"Numfashi fa?"

"Alhamdulillahi."

Shi kuma daga falo ya miƙo mata bindigar auna zafi, ta ɗora mini a goshi, ta je ta kai masa rahoto. Aka dafa mini citta da tafarnuwa da lemon tsami. Aka lulluɓe ni da bargo na yi sirace. Na sha citta har gumina ya koma yaji, fil yana nan inda yake.

Da aka ɗan sassauta kulle, aka buɗe shagunan tufafi, amma mai gida ne yake fita, tsofaffi an ce su zauna. Sai dabara ta zo mini, kuma har yau ban ga laifinta ba. Na warware zaren buhun shinkafa, na shiga ɗaki, na zagaya shi a jikina na ƙulla, na sauke shi daga kafaɗa na sake ƙullawa. Ashe 'yata tana bakin ƙofa tana kallo. Na miƙa mata na ce, "A ba mutanen gidan, in sun je wajen masu yadi. Fari nake so, na auduga, ba ado. Mai shago in ta ga zaren za ta gane." Ni a lissafina, zai miƙa wa wata mace zare, ta naɗe masa abu a baƙar leda, ya kawo bai san me ya ɗauko ba.

Abin da na manta shi ne, a wajenmu in tsoho ya auna jikinsa a lokacin annoba ya ce fari yake so, abu ɗaya ake nufi.

Ya daɗe bai dawo daga Jalan Masjid India, layin masu yadi, ba. Da ya shigo, ya wanke hannu, sai na ji ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina kamar yadda yake yi a gida. Ya turo ƙunshi da hannu biyu. Ya ce, "Inna, an samo. Amma in Allah ya yarda ba yanzu ba. Duk abin da muka yi miki a zaman nan, ki yafe mana." Ita kuma tana bayansa tana jan hanci.

Na buɗe. Alawayyo ne, fari tas, har da turare. Yaron kirki ne, bai yi rowa ba, mai kyau ya sayo. Na zauna da likkafanina a cinya ina tunani. In na ce ba shi ba ne, za a ce to mene ne? Sai na ɗauki jariri na ce, "Angona, ka ce an gode. Allah ya yi albarka." Na gwammace in karɓi likkafani da in faɗi sunan abin.

Da a nan ta tsaya da na haƙura. Sai na ji shi a waya yana gaya wa 'ya'yana maza na gida a sa ni a addu'a, daga nan kuma na ji yana maganar asibiti, wai a kira motar ɗaukar marasa lafiya. Asibiti a lokacin kuwa, in an shiga da ke, ke kaɗai ce, ba mai leƙo ki. Kuma can ma tuɓe ni za a yi, a ga fil, a kira shi a waya a yi masa bayani da Turanci.

Na ce, "Ke. Zo ki rufe ƙofa."

Na juya baya na kwance abin, na shimfiɗa shi a kan gado, na fuskanci bango. Sai na ji wani sauti kamar tukunya ta fara tafasa. Yarinyar nan ta durƙushe ƙasa tana dariya, ta cusa filo a baki, hawaye na zuba.

"Inna! Wannan ai ta girme ni!"

"Ki rage murya."

"Wallahi kwana na yi ina kuka, ina cewa ina zan binne uwata a ƙasar mutane. Ashe bireziya ce!"

"Na ce ki rage murya. In ya ji, ban yafe ba."

Ta fita ta ce masa ba mutuwa ba ce, awon tela ne, Inna riga take so. Na ji ya yi hamdala har sau nawa.

Ta fara da sayowa ta waya, irin wanda ake aikowa har ƙofa. Duk ƙunshin da ya shigo gidan sai ya fesa masa magani ya juya shi gaba da baya, ni ina leƙe ta ƙofar ɗaki, har 'yata ta fizge daga hannunsa. Muka buɗe. Wasu 'yan abubuwa ne guda biyu kamar an ɗinke takunkumin fuska wuri ɗaya, an cusa musu soso, an sa musu wayar ƙarfe a ƙasa. Ni da nake neman mai taya ni ɗaukar kaya, an ƙaro mini katifa. Na gwada don kada a ce na raina. Wayar ta soke ni a hammata, abin da ya kamata ya shiga ciki ya fito ta sama da ta gefe kamar ƙullin da ya kumbura ya fi ƙarfin kwano.

Wata matar ɗalibi 'yar garinmu ce ta ba ta shawara a waya. Ta ce kayan manyan kantunan nan an yanka su ne don 'yan siraran matan garin, amma jikin Inna jikin matan Indiya ne, a kai ta Brickfields, unguwar Indiyawa, akwai wata tsohuwa mai shago da ta san kan abin. 'Yata ta kira tsohuwar ta yi mata bayanin abin da ake nema. Saura tafiya. Ita ba ta tuƙi, ga jariri ba a fita da shi, mota kuma mutum biyu aka yarda. Wa ya rage?

Na shiga kujerar baya na takure a kusurwar da madubi ba ya kamawa. Shi a saninsa wajen tela zai kai ni.

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin mai sayar da furen da ake sarƙawa a zare da wani mai abinci. Daga waje rigunan sari ne, irin na matan Indiya, a rataye, sai na ji sanyi a raina. Aka ɗora mini bindiga a goshi, aka matsa mini man kashe cuta a hannu. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, don haka ya tsaya a waje yana kallon titi.

Da na ga matar, ta gan ni, sai muka tsaya. Sa'ata ce, gajera, mai faɗin baya, gaba a cike, furfura a shafe da mai, da ɗigon ja a goshi. In ban da ɗigon da hijabi, kamar tukwane biyu ne daga hannun magina ɗaya. Ta daki ƙugunta, ta nuna nawa, ta fashe da dariya a cikin takunkumi. "Boleh, Anti, boleh!" Wannan kalmar na santa, ma'anarta za a iya.

Doka ta ce ba taɓa juna, ba gwada kaya a mayar. Sai ta saƙalo tef ɗin awo a bakin sandar da take sauko da riguna, ta miƙo mini daga nesa. Na fara zagaya shi a kan hijabi. Ta yi wata ƙara har mai fure ya leƙo. Ta kora ni bayan labule, ta tsaya a wancan bangon ni ina wannan, ta ɗauki nata tef, duk abin da ta yi a jikinta in yi a nawa.

Awo na farko a ƙarƙashin ƙirji, a kan haƙarƙari, a matse. Na shanye ciki na riƙe numfashi, don ko tsohuwa ba ta son a ce ta cika faɗi. Ta gane. Ta hura iska waje, fuuu, ta tsaya tana jira har sai da na saki. Na biyu a kan inda ya fi tudu, a sake, ba matsewa. Ni ban san lamba ba, sai in danne wurin da farce in miƙa hannu, ta leƙo ta karanta. Da ta karanta nawa ta duba nata, sai ta ɗora hannu a ka. Ɗaya ne, sama da ƙasa.

Daga nan ta nuna kafaɗata. Akwai rami a kowace kafaɗa, inda siririn hannun riga ya shekara da shekaru yana yanka, ni na ɗauka haka tsufa yake. Ta janye wuyan rigarta ta nuna mini nata ramin, tsoho, ya cike ya bar alama. Sai ta ɗauki wani ƙunshin yadi ta ɗora a bayanta kamar goyo, ta rataye shi da siririn zare a wuya, ta yi kamar za ta faɗi. Ta sake ɗaukarsa ta ɗaure da faffaɗan ƙyalle a tsakiyar jiki, ta saki hannu, ta yi rawa. Nan take na gane. Ai majanyi ne ke riƙe goyo, ba wuya ba. Na goyi tara ban taɓa kawo wa kaina cewa na gaba ma goyo ne ba.

Ta sauko da irin tata. Bayanta faffaɗa kamar majanyi, da ƙugiyoyi a jere, hannuwa masu faɗin yatsa biyu. Ƙoƙon cikakke, na auduga saboda gumi, ba soso, ba waya. Gefen ya hau har kusa da hammata, ta kama naman wajen a jikinta ta nuna mini cewa irinmu tun daga nan kayan yake farawa, shi ya sa 'yan ƙananan nan ba sa tattaro shi. Tunda ba a gwadawa, sai ta gwada mini da wadda ke jikinta. Ta ɗaga hannu sama, ba abin da ya motsa. Ta sunkuya, ba abin da ya zubo. Sai tsohuwar nan ta yi tsalle. Wallahi tsalle, awarwaro na kaɗawa. Na ce, "La haula."

Na nuna na ɗauka. Tunda ta zama tawa, sai na sa a nan take. Ta koya mini in ɗaura a ƙugiyar bakin ƙarshe, don in roba ta saki in matsa ciki. In sunkuya gaba in tattaro komai da hannu in zuba a mazauninsa, sannan in miƙe. In sa yatsa biyu a baya, in sun shiga da ƙyar to daidai ne. Na miƙe. Jama'a, ashe ina da tsawo. Na ja numfashi ya tafi har ƙasa, irin wanda citta da tafarnuwa suka kasa ba ni.

Na ce fara nake so. Ta ɗora fara a ƙarƙashin wani siririn yadi ta nuna mini yadda take haskowa, ta ɗora mai launin fatarmu, ta ɓace. Na karɓi wannan. Sai ta zaro wata ja wur tana ɗaga mini gira. Na yi a'uziyya. Ban ce na saya ba, ban kuma ce ban saya ba.

Saura biya. A lokacin ba a son taɓa kuɗi, da kati ake yi, katin kuwa yana aljihunsa. Ta leƙa ta yafito shi bakin ƙofa. Na ce a raina ba komai, kaya suna cikin leda, zai biya mu tafi.

Ita ashe ta ɗauka ɗana ne na cikina. Kuma su a wajensu, na lura, ɗa ya kawo uwarsa irin wannan wuri abin yabo ne, ba abin ɓoyo ba. Ta dube shi da fara'a. Ta sa sandar nan ta saƙalo tsohuwar rigar maman tawa, da fil ɗinta da tsatsarta, ta ɗaga sama kamar an kashe maciji, ta nuna masa, ta jefa a kwandon shara. Sannan ta buɗe ledata ta zaro sabuwa, ta ware ta da hannu biyu a gaban fuskarsa, ta shiga yi masa bayani. Ta nuna injin wanki da hannu tana juyawa, ta ce no, no. Ta nuna ruwan zafi, no, no. Ta nuna wankin hannu a hankali, ta nuna inuwa. Ta ja robar ta saki, ta yi ɗas. A bayansa mutane sun yi layi, kowa a kan alamar da aka manna a ƙasa, kowa yana kallo.

Ni ban yi boko ba, amma na daɗe a gidan nan ina jin sa yana magana da kwamfuta tun safe har yamma. Na san amon Turanci kamar yadda na san kukan jikana. Turanci take yi masa, tsantsa. Shi kuma tabarau ya yi masa hazo, ya kafa ido a kan rufin shago, yana cewa, "Yes, Anti. Yes, Anti." Har da ta zaro jar ma, yes ya ce.

Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Na ja hijabi har gira, na wuce ta gefensa na shiga mota.

Muka kama hanya ba mai tari. Ina kusurwata ina lissafin yadda zan ƙarasa zaman nan a ɗaki, in riƙa karɓar abinci ta ƙasan ƙofa har ranar da za a buɗe sama. Ga shi ba jariri a hannu balle in aike shi da magana. Muka zo danja ta tsayar da mu. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya dubi sitiyari.

"Inna, matar nan Indiyanci ta yi ta yi mini. Wallahi mutanen nan sai su ga mutum su kama yi masa yarensu. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba."

Na lura bai ɗora rantsuwar a kan jin ba, a kan halin mutanen ya ɗora ta. Yaro mai tarbiyya.

Na dubi taga na ce, "Ai haka na ga alama. Yaren nasu da wuya."

"Da wuya ƙwarai, Inna."

Danja ta ba da hannu, muka wuce. Na jingina baya da kujera, a miƙe.